Monita ko hedifon: da wanne za ka haɗa sautin rok mai nauyi a ɗakinka?

Ƙorafin masu naɗar kiɗan rok a gida kusan iri ɗaya ne. A ɗaki waƙa ta fito da ƙarfinta, jita na ruri, ganga na dukan ƙirji. Da an tura wa abokai sai wannan ya ce bes ya cinye komai a cikin mota, wancan ya ce a wayarsa babu abin da yake ji sai tsuwwar jita, muryar mawaƙi ma ta nutse. Mai haɗa sautin ya yanke hukunci ne bisa abin da kunnensa ya ji, to amma lasifikarsa da bangon ɗakinsa sun riga sun yi wa sautin ragi da ƙari kafin ya iso kunnen. Don haka kafin a zuba kuɗi a monita, wato lasifikar situdiyo da ake haɗa sauti da ita, ko a ce hedifon ya wadatar, sai a san abin da wannan kiɗa yake bukata a ji.

Rok mai nauyi ya fi sauran kiɗa wahalar haɗawa saboda jitar lantarki. Idan aka ɗora mata distoshin, wato aka murɗe sautinta ya yi kaushi, takan cika fili tun daga wajen 80 Hz har sama da 8 kHz, ba ta barin gurbi (Hz ma'aunin kaurin sauti ne: ƙaramar lamba sauti mai kauri, wato ƙasa, babbar lamba siririn sauti, wato sama; kHz ɗaya Hz 1,000 ne). A cikin wannan filin ne murya da ƙaramar gangar tsakiya da fayafayen tagulla da saman bes duk za su nemi wurin zama. Rigimar ta fi zafi tsakanin 200 Hz da 5 kHz. A ƙasa kuma akwai wata matsalar. Tsirkiyar E mai kauri ta jita tana kan 82 Hz. Idan aka sassauta ta zuwa D, kamar yadda masu kiɗa mai nauyi suka saba, ta sauko 73 Hz, zuwa C kuma 65 Hz. Bes, wato jita mai kaurin sauti, yana ƙasa da haka da rabi: E ɗinsa 41 Hz, D ɗinsa 37 Hz, tsirkiyar B ta bes mai tsirkiya biyar kuwa 31 Hz. Ka riƙe waɗannan lambobi, da su za a auna kowace monita.

A fara da Yamaha HS5, mai farin wufa (babban faifan lasifika mai fitar da sauti mai kauri), wadda ake gani a hoton ƙananan situdiyo ko'ina. Wufarta inci 5 ne, ƙarfinta wat 70, ramin iskarta a baya yake. A takarda an rubuta tana sauka har 54 Hz, amma wannan a inda sauti ya riga ya faɗi da dB 10 ne (dB ma'aunin ƙarfin sauti ne). Inda ya faɗi da dB 3 kawai wajen 74 Hz ne, wato daidai kan tsirkiyar D ta jita. Duk abin da bes yake yi a ƙasa da nan, HS5 a gurguje take ba ka labarinsa. Kuskuren da take jawowa sananne ne: ka ji ƙasa ba nauyi, ka ƙara wa bes da babbar ganga dB 4 ko 5, a mota kuma ƙofa ta yi ta karkarwa. Abin da ya sa ake sonta duk da haka shi ne tsakiyarta. Tana turo sautin tsakiya gaba, ba ta ɓoye kaushin jita, ba ta yi wa murya kwalliya. Ta gaji kamannin NS-10M, lasifikar da Yamaha ta fitar a 1978 don sauraron kiɗa a gida, injiniyoyin situdiyo suka karɓe ta, aka daina ƙera ta a 2001. Sai dai kamanni ne kawai. NS-10M rufaffen akwati ce marar ramin iska, HS5 kuwa tana da rami, don haka halinsu a ƙasa ba ɗaya ba ne. Yayyenta HS7 mai inci 6.5 da HS8 mai inci 8 sun fi ta sauka, 43 Hz da 38 Hz bisa ma'aunin dB 10 ɗin nan.

JBL 305P MkII ita ma inci 5 ce, amma ta fi HS5 sauka nesa ba kusa ba: 49 Hz cikin iyakar dB 3. Gabanta akwai wani faffaɗan mazurari kewaye da tiwita (ƙaramin faifan da ke fitar da siririn sauti) wanda ke baza sautin sama daidai-wa-daida, shi ya sa ko ka ɗan karkata daga kujera hoton sitiriyo ba ya rushewa. Ga mai jita biyu, ɗaya a ƙarshen hagu ɗaya a ƙarshen dama, wannan babban abu ne, domin da shi ake gane ko ɗaya ta danne ɗaya. Aibinta shi ne 'yar shewa da tiwita ke yi ko ba a kunna komai ba. A nisan mita ɗaya da rabi yawanci ba a damuwa da ita, a kan ƙaramin tebur da dare kuwa ana jin ta.

Kali LP-6 tana da wufa inci 6.5, tana kai 47 Hz cikin dB 3, kuma ramin iskarta a gaba yake. Bayanta akwai ƙananan maɓallai da zanen yadda za a saita su: ko a kan tebur take, ko a kan sanda, ko jikin bango. Zubi na biyu ya rage shewar da aka yi ƙorafi a kanta a na farko. Girmanta ne kaɗai zai iya hana mutum, don akwatin yana cin wuri. A ganina, idan ɗaki ya kai ƙafa 10 da 12 kuma za a sa masa abin tsotse sauti, ita ce ta fi dacewa da kiɗan da aka sassauta tsirkiyarsa, saboda za ka ji inda bes da babbar ganga suke karo ba tare da ka yi ta kirdado ba.

KRK Rokit 5 G4, mai wufa ruwan ɗorawa, ta daɗe tana ɗauke da sunan da tsofaffin zubinta suka jawo mata, cewa tana kumbura bes. Zubi na huɗu ya fi su daidaito, ramin iskarsa a gaba, da ƙaramin allo a baya mai saitin EQ, wato ragi da ƙari a sassan sauti, iri 25. Ba laifi, amma masu haɗa bit, wato kiɗan da ake ɗora wa waƙa, sun fi morar ta. Adam T5V kuwa tiwitarta ta ribbon ce mai naɗi, tana fito da sama tas. Za ka ji kowace tsuwwa da ke cikin jita da fayafayen tagulla, abu mai kyau, amma wanda bai saba da ita ba yakan yi ta rage sama har waƙar ta fito a dushe a wajen kowa. Akwai maɓallin rage sama da dB 2 a bayanta, a yi amfani da shi idan ɗakin tayil ne.

Abu biyu wajen saye. Duk waɗannan ɗaya-ɗaya ake sa musu farashi, don haka ka tambaya ko kuɗin da aka faɗa na guda ne ko na biyu. Idan kuma ta gwanjo ce ko aike daga waje, duba rubutun wuta a bayanta. HS da aka yi don kasuwar Amurka 120 V take ci, wutarmu kuwa 230 V ce. JBL 305P MkII tana karɓar daga 100 zuwa 240 V.

Yanzu ga maganar ɗaki, wadda ta fi zaɓen kamfani muhimmanci. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Tsakanin bango biyu masu fuskantar juna akwai sautin da yake maƙalewa yana kai da komo, kuma ana gano shi ta raba 343 da ninkin nisan bangon. Ɗaki mai ƙafa 10 da 12, wato mita 3.05 da 3.66, yana da irin wannan a wajen 56 Hz da 47 Hz, sannan ninkinsu a 112 da 94. Silin mai tsayin ƙafa 9 ya ƙara nasa a 63 Hz. A jikin bango da kusurwa waɗannan sautuka suna kumbura, a tsakiyar ɗaki kuma na farkon yakan ɓace kusan gaba ɗaya. Shi ya sa za ka ji wata tsirkiyar bes ta yi ƙara fiye da kima, ta kusa da ita kuma kamar ba a taɓa ta ba, alhali makaɗin da ƙarfi ɗaya ya buga su. Ɗakin da tsawonsa da faɗinsa suke daidai ya fi muni, domin matsalolin biyu a wuri ɗaya suke taruwa. Ginin bulo da siminti da daɓen tayil yana mayar da bes fiye da bangon katako da allon jifsam na gidajen Amurka, inda wani kaso na bes yake ficewa ta bango. Shawarar da ka karanta daga can, sai ka ƙara mata taka-tsantsan.

A nan ne monita mai inci 8 take cutar mai ƙaramin ɗaki. Tana zuba ƙarfi sosai a 40 zuwa 60 Hz, daidai inda ɗakin ya fi ƙarya. Mutum ya kashe kuɗi da yawa don ya ji ƙasa, abin da yake ji kuma ɗakinsa ne. Haka ma ƙara sabwufa, lasifikar da bes kaɗai take fitarwa, kafin a gyara ɗaki.

Ajiye monita yana da ƙa'ida. Teburin ya fuskanci gajeren bango, ya zauna a tsakiyar hagu da dama. Kujera ta kasance wajen kashi 38 cikin ɗari na tsawon ɗakin daga bangon gaba, daga nan a gwada matsawa kaɗan-kaɗan. Nisan monita da monita ya zama daidai da nisan kowace zuwa kanka, misali mita 1 zuwa 1.2, tiwita a saitin kunne, a karkato su su dube ka. Nisan fuskar monita daga bangon bayanta yana haƙa rami a sauti: a raba 343 da nisan sau huɗu. Mita ɗaya yana kashe 86 Hz, wato gindin jita da naushin babbar ganga. Rabin mita yana kashe wajen 171 Hz. Tun da ƙaramin ɗaki ba shi da filin da za a janyo su nesa, gara a matsar da su kusa da bango, a bar wa mai ramin iska a baya kamar santimita 10 zuwa 15, sannan a rage kumburin da bangon ya jawo da maɓallin baya. Na HS yana rage dB 2 ko 4 ƙasa da 500 Hz. Kada a ɗora su kai tsaye a kan katakon tebur, ya riƙa amsa musu. A sa sanda ko roba mai kauri.

Kiret ɗin ƙwai ba ya tsotse komai a inda ake bukata. Siririn soso mai santimita 2 ko 3 sama kawai yake ci, ya bar ɗaki a dushe ga bes nan yana gunji, kuma wannan ya fi ɗakin da ba a taɓa ba rikita kunne. Abin da ke aiki shi ne allunan ulun dutse irin Rockwool, kauri santimita 10, faɗi 60 tsawo 120, a cikin firam na katako, a rufe da yadin da iska ke ratsawa. Guda biyu a bangon hagu da dama, ɗaya ko biyu a silin saman kai, masu ninkin kauri a kusurwoyin gaba. Wurin na gefe da madubi ake nemo shi: ka zauna a kujera wani ya ja madubi a jikin bango, inda ka hango monita a ciki nan ne. Barin tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakanin allo da bango yana sa ya ƙara kama ƙasa. Mai son ganin gaskiyar ɗakinsa a zane, manhajar REW kyauta ce, makirfon awo irin UMIK-1 kawai take bukata. Manhajar gyara irin SoundID Reference tana iya rage inda ya kumbura, amma ba ta cike ramin da bango ya haƙa, domin duk ƙarfin da ta ƙara, amsawar bangon ma ƙaruwa take yi.

To hedifon fa? Babbar falalarsa ita ce ya cire ɗaki daga lissafi. Da kuɗin monita guda ana iya samun hedifon da zai faɗa maka gaskiyar 40 Hz fiye da monita biyu a ɗakin da ba a gyara ba, ga shi maƙwabta ba su san kana yi ba. Sennheiser HD 600 buɗaɗɗe ne, wato ba a toshe bayan kunnuwansa ba, tsakiyarsa daidai take ƙwarai, ya dace da auna jita da murya, sai dai can ƙasa yana da rauni, kuma om 300 ne (ma'aunin turjiyarsa ga lantarki), wasu ƙananan saunkad, wato akwatin da ke haɗa kwamfuta da kayan sauti, masu cin wuta ta USB ba sa tura shi sosai. Buɗaɗɗe kuma yana shigo da ƙarar fanka da janareta. Beyerdynamic DT 770 Pro rufaffe ne, akwai na om 32 da 80 da 250, na 80 ya fi sauƙin sha'ani. Yana sauka ƙasa sosai, amma samansa kaifi gare shi, wanda zai sa ka rage fayafayen tagulla fiye da kima. Audio-Technica ATH-M50x, om 38, yana ɗan kumbura ƙasa, ya fi amfani lokacin naɗa. Sony MDR-7506, om 63, gwani ne wajen tona ƙananan kurakurai kamar tsuwwa da yankan da bai haɗu ba.

Raunin hedifon ya faɗo ne daidai kan rok. A monita kowane kunne yana jin duka lasifikokin biyu, a hedifon kunnen hagu na hagu kaɗai yake ji. Jita biyun da aka raba gefe da gefe sai su yi faɗi fiye da yadda suke, tsakiya ta yi fili, murya ta fito sarari ko da an ajiye ta ƙasa. A lasifika sai jitar ta rufe ta. Amon ribab, wato amsa-kuwwar da ake ƙara wa sauti, shi ma a hedifon ya fi fitowa, mutum ya sa kaɗan ya ga kamar ya isa. Fulogin, wato ƙaramar manhajar sauti, da ke ɗan zuba hagu cikin dama yana rage wannan, bai kawar da shi ba.

Don haka zaɓin ya danganta da ɗaki. Wanda ɗakinsa bai kai ƙafa 10 ba, ko murabba'i ne, ko haya ce da ba za a kafa komai a bango ba, ya sayi hedifon mai kyau ya haɗa da ƙaramar lasifika guda ɗaya don duba mono, wato hagu da dama a haɗe wuri ɗaya. Irin aikin da ƙaramar lasifikar Auratone 5C take yi a manyan situdiyo ke nan, kuma ko ƙaramar lasifikar Bluetooth za ta taimaka. Wanda ke da ƙafa 10 da 12 ko fiye, ya raba kuɗinsa: LP-6 ko 305P, da alluna shida zuwa takwas. Mai HS5 a hannu kada ya sayar, ya auna tsakiya da ita, ya auna ƙasa da rufaffen hedifon. HS8 da ire-irenta sai ɗaki babba wanda aka riga aka gyara.

Kowanne ka zaɓa, ga inda za ka sa kunne. Jitar rakiya sau biyu ake buga ta, a tura ɗaya hagu ɗaya dama. Kwafe bugu ɗaya zuwa gefe biyu ba ya ba da faɗi, idan kuma aka jinkirta ɗayan da 'yan milisakan, a mono sai ya riƙa yin amo kamar daga cikin bututu. Distoshin a rage shi ƙasa da yadda yake daɗi lokacin da kake bugawa kai kaɗai, saboda bugu biyu suna tara shi, yawansa kuma yana cinye haƙoran bugun. A yanke jita ƙasa da 80 zuwa 100 Hz a bar wa bes wurin, a yanke sama da 10 zuwa 12 kHz. Bugun da ake danne tsirkiya da gefen tafi yana kumbura 100 zuwa 200 Hz, kuma EQ mai motsi ya fi dacewa da shi, don ya rage lokacin bugun kawai. Cunkoso yana taruwa a 250 zuwa 400 Hz, zafin kunne a 2.5 zuwa 4 kHz. Nan ne murya take fitowa, don haka ragin dB 2 a jita yakan buɗe mata hanya fiye da ƙara mata ƙarfi. Bes a raba shi biyu: ƙasa da 200 Hz a bar shi tsaf a matse shi da kwamfuresa mai daidaita hawa da saukar ƙara, sama a ɗora masa distoshin ya yi gurnani a 700 Hz zuwa 2 kHz. Lasifikar waya ba ta iya fitar da 41 Hz, amma idan ta fitar da wannan gurnani kunne yakan cike sauran da kansa. Babbar ganga ma haka, ƙarar dukanta a 3 zuwa 5 kHz ita ke sa a ji ta cikin jita.

Ƙarfin sauraro yana yaudara. Tun binciken Fletcher da Munson na 1933 aka san cewa kunne ya fi jin ƙasa da sama idan aka ƙure ƙara. Rok a ƙure kullum daɗi gare shi, ko da haɗin bai yi ba. A yi yawancin aikin a ƙarar da za ka iya hira da na kusa ba tare da ɗaga murya ba, a ƙure na minti ɗaya don duba ƙasa, a mayar. Hukumar NIOSH ta Amurka ta sa iyakar dB 85 na awa 8, kuma kowane ƙarin dB 3 yana rage lokacin da rabi. Jita mai distoshin tana gajiyar da kunne da wuri, a riƙa hutawa bayan kamar minti 45. Waƙar da kake kwatanta taka da ita, ka rage ta har ƙararsu ta zo ɗaya, in ba haka ba wadda ta fi ƙara ce za ta ci kullum.

Idan monita tana gunji ko ba kiɗa, fara da waya. Daga saunkad zuwa monita a sa wayar XLR ko TRS mai zobe biyu, kada a sa wayar jita. Kwamfuta da saunkad da monita su ci wuta daga soket ɗaya. Gunjin wutarmu a 50 Hz yake, da ninkinsa 100 da 150, kuma jita mai fikof (abin da ke ɗauko sautin tsirkiya) na koyil ɗaya tana kwasar sa, musamman kusa da caja ko inbata. Juya jikinka da jitar a hankali har ka sami kusurwar da ya lafa. Kada a cire ƙafar at ta fulogi, wato ta uku mai kare mutum daga jan wuta, don kashe gunji, haɗari ne ga mai riƙe da tsirkiyar ƙarfe. Monita ita ake kunnawa a ƙarshe, ita ake fara kashewa, kuma a kashe ta kafin a sauya zuwa janareta.

Wajen tura waƙar, a fitar da fayil ɗin WAV mai bit 24, a bar ƙololuwarta a dB 1 ƙasa da sifili bisa ma'aunin dBTP, domin matsewar da dandamali ke yi takan ɗaga ƙololuwa ta fasa sautin, kuma fayafayen tagulla ne ke fara nuna hakan. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa gaba ɗayanta), don haka matse waƙa har ganga ta mutu ba zai sa ta fi ta kowa ƙara a can ba. A WhatsApp a tura ta a matsayin dokumen. Duk wanda ya ba ka ra'ayi, tambaye shi da me ya saurara. Idan mai mota da mai hedifon duk sun ce bes ya yi yawa, monitarka ko kujerarka ce ke ɓoye maka shi. Idan mai waya kaɗai ya ce ba ya jin bes, gurnanin 700 Hz zuwa 2 kHz ne bai isa ba, kada ka taɓa ƙasa. Idan kowa ya ce murya ta nutse kai kuma kana jin ta sarai, ka danna mono, ka rage ƙara har ta kusa ɓacewa, ka sake saita murya da jita a haka.